Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina

Zuwa ga Shugaban Jami'a, da Majalisar Gudanarwa, da ɗaukacin malamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya gafarta malamai. Ni tsohon malamin makaranta ne, na sha ƙurar alli shekara talatin da 'yan kai kafin in ajiye aiki. Ban taɓa koyarwa a jami'a ba, kuma ba ni da takardar da za ta ba ni izinin tsayawa gaban farfesoshi in yi dogon bayani. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku shi ne wannan jami'a ta jiha ce. Da dukiyar Katsinawa da Daurawa aka kafa ta a 2006, da ita kuma ake riƙe da ita har gobe. Mai kaya ko talaka ne yana da bakin magana a kan kayansa. Maganata kuwa a kan tarihin ƙasar Katsina ce, wanda nake roƙon jami'a ta ɗauki nauyin cetonsa.

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, wasu samari 'yan unguwa, kowa da makarantar da yake karatu, suka zo gaishe mu. Hira ta yi hira, sai na tambaye su wane ne Ɗan Masani. Baki ɗaya suka ce Maitama Sule. Ban ga laifinsu ba, don marigayi Ɗan Masanin Kano ya cika sunan har ya batse. Amma mutumin da sunansa ya zama sarautar, Muhammadu ɗan Masani, a nan garin ya rayu ya koyar, an haife shi a 1595 ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa ba ta kai tafiyar rabin sa'a a ƙasa daga inda muke zaune ba. Shi ya yi wa Ishiriniya sharhi, wannan Ishiriniyar dai da iyayenmu suke rerawa da daddare. Malaminsa Ɗan Marina, wanda ake yi wa garin kirari da shi, ana cewa tudu garin Ɗan Marina, mawaƙi ne da sunansa ya kai Barno, har ya yi wa Mai Ali waƙa lokacin da ya ci Kwararrafa da yaƙi. Samarin nan sun san kirarin sarai, amma ba su san mutumin ba. Suna jin sunan kamar sunan maƙabarta ne kawai.

Da na ga haka sai na ƙara musu da wani, na ce ko sun taɓa jin labarin Muhammadu al-Kashinawi. Shiru. Wannan kuwa ya fi ci mini rai, don biyu daga cikinsu lissafi da kwamfuta suke karantawa. Bafulatani ne Bakatsine, ya yi karatunsa a ƙasar nan, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, kuma a 1732 ya rubuta littafi kan abin da mu muke kira hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda ko ta ina ka tara su, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Ƙaramin cikinsu shi ne mai gida tara, wanda ko ta ina yake ba da 15. Shi al-Kashinawi ya shimfiɗa ƙa'idar yadda ake gina manya waɗanda yawan gidajen gefensu mara ne, mataki bayan mataki, yadda ko ɗalibi zai bi ya fitar da nasa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan. Yau in ana lissafa masana lissafi na Afirka a littattafan ƙasashen waje sai an ambace shi. Mu kuma a gida mun bar hatimi a hannun masu rubutun sha, mun manta cewa a ƙarƙashinsa akwai lissafi tsantsa. Ina ma a ce ranar da ɗalibin sashen lissafi zai fara shiga aji a jami'arku, da hatimin al-Kashinawi za a tarbe shi a kan allo, a ce masa ga abin da wani ɗan garin nan ya warware shekara kusan 300 da suka wuce, kai ma gwada.

Abin da na lura da shi a tarihin garin nan, ranku ya daɗe, shi ne Katsina ta iya haihuwar ilimi amma ba ta cika riƙe shi a ɗakinta ba. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, tsawonta kusan mita 15, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau da zuwan Shehu Maghili a ƙarshen ƙarni na 15. Masallacin da makarantar da suka kewaye ta sun tafi, hasumiyar kaɗai ta rage, ita ce muke bugawa a kalanda. Sai Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A cikin waɗannan ɗakunan ƙasa Sardauna ya yi karatu, da Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Abubakar Imam. Ba ta cika shekara 20 a garin ba aka ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, ta zama Barewa. Mu aka bar mana ginin, shi ne gidan adana kayan tarihi a yau. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, Bature Palmer ne ya fara tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992, kuma kayan da aka samu sai da aka kai su birnin Mainz na Jamus kafin a gyara su a yi nazarinsu. Hatta babban littafin da ake tinƙaho da shi kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, na marigayi Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar Musawa, a Zariya aka yi aikinsa, a can ya fito a 1981. Shata ma, Allah ya jiƙansa, Zariya ce ta sa masa hular dakta a 1988.

Ban kawo wannan don ƙorafi da Zariya ko Jamus ba, sun yi abin da ya kamata lokacin da ba mu da inda za a yi. Na kawo shi ne don in nuna muku matsayinku. Jihar ma sai a 1987 aka yanke ta daga Kaduna. Akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, akwai Al-Qalam mai zaman kanta, kowace da ubangidanta da manufarta. Taku ce kaɗai jami'ar da mutanen jihar nan suka gina da hannunsu, wadda babu wani gwamna daga Legas ko minista daga Abuja da zai wayi gari ya ce a naɗe ta a kai wani gari. To in ita ba ta ɗauki tarihin ƙasar nan a matsayin aikinta na farilla ba, wa zai ɗauka?

Na san akwai malamai a cikinku da suka daɗe suna wannan aiki, wasu da kuɗin aljihunsu, suna bin ƙauyuka da gidajen malamai. Allah ya saka musu. Roƙona shi ne aikin ya tashi daga kafaɗar mutum ɗaya ko biyu ya koma kafaɗar jami'a, da kasafinsa da ɗakinsa da ma'aikatansa, yadda ko malami ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a, abin da ya tara ba zai bi shi a cikin kwali ba.

Bari in faɗi inda abin ya fi gaggawa, kuma zan fara da gidanmu. Kakana malamin zaure ne. Ya rasu ya bar gafaka bakwai cike da littattafan hannu. Wanda bai taɓa buɗe irin waɗannan ba zai zaci littafi ne ɗinkakke, alhali warƙa-warƙa suke, ba ɗinki, sai dai a ƙasan kowane shafi marubucin ya sa kalmar farko ta shafin da ke biye don kada a rikice. Da aka zo rabon gado, magada suka raba gafakokin kamar yadda aka raba tumaki, har wani littafin aka tsaga biyu don kowa ya samu albarka. Gafaka biyu gara ta cinye a rumbu. Ɗaya ɗaki ya zubo mata da damina, tawadar ta narke, shafukan suka manne kamar waina. Ɗaya kuma wasu baƙi suka zo da takarda mai tambari suka ara da sunan bincike, yau shekara fiye da talatin ba su dawo da ita ba. Abin da ya iso hannuna bai kai rabin gafaka ba. A ciki akwai fiƙihu, akwai waƙar wa'azi da ajami, akwai wata warƙa da aka rubuta bashin da wani falke ya ci, da sunayen shaidu. Wannan warƙar ta bashi, a wurin mai binciken tarihin kasuwanci, ta fi zinariya.

Labarin gidanmu ba shi da wani abin mamaki, shi ya sa na ba da shi. Ku shiga Masanawa, ko Gambarawa, ko tsofaffin gidajen malamai a Daura da sauran garuruwa, za ku ji irinsa. Kuma saboda irin waɗancan baƙi masu aro, mutane sun rufe ƙofa. Don haka in za ku yi, kada ku ce a kawo muku littattafai jami'a. Ba wanda zai kawo. Ku je da kyamara gidan mai littafi, a ɗauki hoton kowane shafi a zaurensa yana kallo, a share ƙurar, a ba shi akwatin da gara ba ta ci, a ba shi kwafin hotunan, a rubuta sunan gidansu a jikin kundin. Littafi ya kwana inda ya saba kwana. In gida ɗaya ya ga an yi masa haka ba a ci amanarsa ba, maƙwabta da kansu za su aiko a kira ku.

A nan akwai wata magana da na san za ta yi wa tsarin jami'a nauyi. Waɗanda suka fi kowa iya karanta waɗannan rubuce-rubuce, su gane hannun wane ne, su bambance rubutun Barno da na ƙasar Hausa, su warware ajamin da ba shi da wasali, yawancinsu ba su da digiri. Alarammomi ne da malaman zaure. Mai digiri uku a Larabci yana iya tsayawa cak a gaban shafin da wani tsoho mai buzu zai karanta kamar ruwa. Ku nemo hanyar da za ku ɗauke su aiki da mutunci, da albashi, da sunansu a kan abin da aka wallafa. Kada a mayar da su 'yan rakiya, a ba su kuɗin goro, wani ya samu ƙarin girma da guminsu.

Abu na biyu ya fi na farko ciwo. Shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasashen Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Ana ƙirga rayuka da shanu da gonaki, kuma su ya kamata a fara ƙirgawa. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafin kowa. Tsohon da ya san waɗanda suka sari garin, da inda tsohuwar ganuwa ta bi, da dalilin da ya sa ake kiran wata fadama da sunanta, yanzu yana kwance a shagon wani ɗan'uwa a cikin birni, ba gona, ba majalisa, ba mai tambayarsa komai. Tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daɓe da na niƙa da kirarin zuriyarsu, jikokinta sun watse. Waɗannan mutane ba za su jira a gama taron kwamiti ba. Kuna da ɗalibai daga ƙananan hukumomi 34, kusan kowa da waya mai ɗaukar murya a aljihu, kuma kowannensu dole ne ya rubuta kundin kammala karatu. Me zai hana a koya musu yadda ake zama gaban dattijo, yadda ake tambaya ba tare da an sa masa magana a baki ba, yadda ake neman izininsa, sannan a ajiye muryoyin a wuri ɗaya da sunan gari da rana? Ƙasar Ruma kaɗai, da labarin Ɗan Waire da yaƙe-yaƙenta, ta ishi ɗalibai goma.

Kada a ɗauka wannan aikin nishaɗi ne. Duk wanda yake son ya fahimci yadda aka kai ga halin da ake ciki a gefen Dajin Rugu, dole ya san inda burtali ya bi a da, wa ya noma shi, yaushe mashaya ta zama gona, yadda ardo da mai gari suke sasanta ɓarna kafin abin ya fi ƙarfinsu. Wannan ilimi a kan dattawan Hausawa da Fulani yake, kuma gwamnati tana bukatarsa ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sai Maraɗi. Daga Katsina, Maraɗi ta fi Kano kusa. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi birnin Katsina a jihadi a wajen 1807, gidan sarautar da aka kora arewa ya nufa, zuriyarsa su Ɗan Kasawa suka kafa Maraɗi, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Sarautu da al'adun fada da dama na tsohuwar Katsina a can suka fi zama da ƙafarsu. Wato rabin tarihinmu yana hayin iyaka, rabin nasu yana wajenmu. Su ma suna da jami'a, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Su da Faransanci suke rubutu, ku da Ingilishi, amma in malamanku da nasu suka zauna cin tuwo ai ba mai neman tafinta. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ga kuma titin jirgin ƙasa ana shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta nan. Siyasa za ta yi ta buɗewa tana rufewa. Zumuncin jami'o'i biyu, da musayar ɗalibai da mujalla guda da ake bugawa da Hausa, shi ne irin abin da yake saura in gwamnatoci sun ɓata.

Ina Bakatsinen birni, don haka bari in ja wa kaina kunne kafin Daurawa su ja mini. Jihar masarauta biyu ce, kuma jami'ar ta Daura ce kamar yadda take ta Katsina. Tarihin Daura bai tsaya a rijiyar Kusugu da Bayajida ba. Yadda sarautar ta rabu zuwa Zango da Ɓaure bayan jihadi, aka kuma dawo da tsohon gidan a 1906, abin nazari ne babba. Haka kudu, ƙasar Maska da saƙarta da rininta, Funtuwa da audugarta, da Maguzawa da Hausawa Kiristoci na wajen Malumfashi da Ƙafur, waɗanda sau da yawa in ana ba da labarin jihar sai a tsallake su kamar ba 'yan gida ba.

Kuma in za a rubuta, a rubuta gaskiya. Ba tarihin fada kawai muke so ba, wanda kowane sarki adali ne kowane yaƙi nasara ce. Akwai bayi a tarihin nan. Akwai abin da ya sami 'Yandoto da malamanta a zamanin jihadi. Akwai yadda sarauta ta tashi daga Dallazawa ta koma Sulluɓawa a 1906 da hannun Turawa. Maroƙi ba zai faɗi waɗannan ba, ba aikinsa ba ne. Aikin jami'a ne, kuma wajibin hukumarta ne ta tsaya wa malamin da ya rubuta abin da ya gano da hujja, ko da wani babba ya ɓata rai.

Na san abin da wasu za su ce: yaranmu aiki suke nema, tarihi ba ya sa tukunya a wuta, a bar mu mu yi kimiyya. Wanda jami'ar take ɗauke da sunansa tun 2009, marigayi Umaru Musa, Matawallen Katsina, malamin kimiyyar sinadarai ne kafin ya zama gwamna ko shugaban ƙasa, don haka ba ni da faɗa da kimiyya. Ina dai ganin abin da nake roƙo bai tsaya a sashen tarihi da na Hausa ba. Wa ya fi mai ilimin sinadarai dacewa ya bincika tawadar da ta shekara 200 ba ta koɗe ba, ko abin da ke faruwa a cikin karofi tsakanin baba da toka, ko yadda bagaruwa take jeme fata? Tsofaffin takardun nan, in ka ɗaga wasu a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku, shaidar cewa daga Italiya suka biyo ta Tarabulus suka ratso Sahara, kuma da irin wannan tambari ake kimanta shekarun littafi. Magina da suka san sirrin tubali da makuba suna ƙarewa, alhali da iliminsu ne kaɗai za a iya gyara Gobarau ba tare da an lafta mata siminti an kashe ta ba. Masu kwamfuta kuma ga aiki a gabansu, na koya wa na'ura karanta ajami. Ko harshen ma haka ne. Barth, Bajamushen da ya zo garin nan a 1851, ya rubuta cewa a Katsina Hausa ta fi wadata da daɗin furuci, amma yau yaro yana jin kunyar ya ce tahi ko hwara a cikin aji, don daidaitacciyar Hausa ta littafi ta bi bakin Kano. Ƙamus na Katsinanci da Dauranci, da muryoyin masu furta kalmomin, a jami'arku ya kamata ya fito.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Kyamara da kwamfuta da akwatuna da ladan mutum biyar ba su kai kuɗin katangar ɗakin taro ɗaya ba. Akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, akwai shirin Laburaren Birtaniya na ceto tsofaffin takardu, akwai Gidan Arewa a Kaduna da ya daɗe a wannan fage, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha a kusa da ku, ga masarautu biyu waɗanda kalma ɗaya daga bakinsu za ta buɗe zauruka ɗari. Attajiran jihar nan da suke gina masallatai, a gaya musu ceton littafin malami ma sadaka ce mai gudana.

Ƙaramin roƙo na ƙarshe. An yi shekara fiye da goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun ƙasar nan, kuma 'ya'yan wannan giɓi su ne suke zaune a azuzuwanku yanzu. Kowane ɗalibi, ko me yake karantawa, a fitar da shi rana ɗaya a shekararsa ta farko, a ƙasa ba a mota ba. A shiga da shi ta Ƙofar Ƙaura, a kai shi Gobarau ya hau matakalar, a bi da shi Masanawa, a tsaya a Ƙofar Soro, a ƙare a tsohuwar Kwaleji ya ga ɗakunan da su Sardauna suka kwana. A nuna masa abin da ya saura na ganuwa, da wuraren da aka cinye ta aka yi gini, ya gani da idonsa.

Ni dai ragowar gafakar kakana tana nan a cikin adaka, na naɗe ta da farin ƙyalle, ina sa mata ganyen darbejiya saboda ƙwari. Ranar da kuka shirya, gidanmu ne zai fara buɗe muku zaure. A zo da hantsi lokacin da haske yake da kyau, kuma a taho da wanda ya iya karanta ajami, don akwai warƙa uku da ni kaina na kasa fitar da su.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Katsina.